Zanen Fuskar Inna

Hoto ɗaya tak na ɗauki Inna a zuwanta Ingila. Ranar sunan 'yar yayata ne a unguwar Cheetham Hill ta Manchester, tana zaune jikin taga da jaririyar a cinya, haske ta bayanta. Ba ta son kyamara. "Ɗauki ɗaya ka ƙyale ni, auta," in ji ta. Fuskar ta fito duhu. Ban damu ba, ai ɗanye na ɗauka, irin hoton da kyamara ke ajiyewa ba gyara, sai an sa shi a manhaja an dafa. Ba ta daɗe da komawa Zariya ba Allah Ya yi mata rasuwa.

Bayan sadakar arba'in Yaya ta kira ni. "Ka yi mana printing, zan sa a sitting room. Ina so yarinyar nan ta taso ta san kakarta."

Manhaja uku na gwada a ɗakina na Selly Oak a Birmingham, karatu ya koma gefe. Ta farko ta haska fuskar har Inna ta dawo kamar mai shafa man bilicin, matar da baƙinta abin alfaharinta ne. Ta biyu kyauta ce, ga wuyar sha'ani, kuma ta bar hoton da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa tsaki. Ta uku ta share ɗigon tas, fuska sumul. Na gaji, idona har yaji yake. Na ce gaba ta kai ni, na wanke hoton ta ukun, na hau bas zuwa Manchester.

Yaya ta daɗe tana kallo a tsaye, shigowarta gida ke nan, ko hijabi ba ta cire ba.

"Ina zanenta?"

Siraran zane uku ne a kowane kumatun Inna, tun na wanzami. Manhajar ta ɗauka datti ne, ta share.

"Seriously, auta, ba ka lura ba?"

Na koma Birmingham na wanke mai tsakin. Shi ne a bangon falonta yanzu, dishi-dishi, zanen na nan daram. Ban ga laifin manhajar ba, ba ita Inna ta goya ba. Ni ne na yi sati uku ina zuƙo fuskar mahaifiyata a kwamfuta, ina auna haske, ban ga abin da ya ɓace ba. Har yau abin yana ci mini rai.