Sunan Malama Celina a Ƙasan Takarda

Shekarar da sojoji suka koma bariki Malama Celina ta fara koyar da Hausa a wata sakandare mai zaman kanta a Mahuta. Mace ce mai tsantseni, ko alli ta taɓa sai ta wanke hannu. Labarin auna fahimta kuwa da kanta take rubuta shi. Takan je Makera ta zauna da tsofaffin ma'aikatan masaƙa, ta ji yadda ake buga zanen atamfa, ta dawo ta tsara, ta sa sunanta a ƙasan takardar jarrabawa. Ba gida, ba mota, wannan sunan ne kaɗai ta tara.

Tana dab da ritaya mai makarantar, Mista Jethro, ya sayo manhajar kwamfuta. Wai ita za ta lalubo labari a intanet, ta ƙago tambayoyi, kowa ya huta. Shi kuwa Hausarsa ta cinikin doya ce, yana ji, ba ya karantawa. Ya ƙirga kalmomi, ya ga ɗari biyu cif, ya sa aka buga. Sunan Malama na nan a ƙasa kamar kullum.

Sai da aka raba takardu ta gani. Tallar maganin basir ce! Da jinin, da tsiron, da yadda ake shafawa bayan an fito ban ɗaki, ba abin da aka rage. Tambaya ta huɗu: "Rubuta lambar wayar mai magani." Ta fita ta tofar da yawu. Ƙyama ta ji, ƙyamar da ba ta taɓa ji ba.

Ta shiga ofis ta ce, "Oga, ka karanta wannan ƙazantar kuwa?"

Ya ce, "Haba Madam, ai kwamfuta ba ta mistek. Wahala ba kyau."

Abin takaici, yaran duk suka ci jarrabawar. Mista Jethro ya tara iyaye yana alfaharin ba a taɓa samun sakamako irin wannan ba, har ya sa aka tafa mata.

Ran Asabar tana zaɓen tumatir a kasuwa, wani dattijo, uban wata ɗalibarta, ya ja ta gefe. Ta gyara tsayuwa, ta shirya ba da haƙuri. Ya rage murya ya ce, "Malama, nawa kwalba? Ni nawa har ya fito waje."