Ba aljanu ba ne, ƙoda ce

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce komai a nan ba. Ni dama ba mai yawan magana ba ce, amma yau zan yi.

Da kumburin fuska abin ya fara. Umma ta ce barci ne ya yi mini yawa. Fitsarina ya koma kamar ruwan shayi, kunya ta hana ni gaya wa kowa.

Wata Asabar a Islamiyyarmu ta Tudun Wada kaina ya sara, na daina ganin allo, na faɗi ina jijjiga. Daga baya na ji cewa 'yan ajinmu watsewa suka yi, wai duk wadda yawuna ya taɓa ta kamu. An ɗauka aljanu ne.

Aka kira Baba, ya sa ni a keke napep sai asibiti.

Abin awon hawan jini ya yi wa hannuna yawa, sai da aka nemo na yara. Likita ta ce, "Malam, ƙodarta ce ta jawo hawan jini, shi ya taɓa ƙwaƙwalwa."

Baba ya ce, "Hawan jini? Ko ni da na haife ta ba ni da shi."

Kwana uku inuwa kawai nake gani. Na tsorata, na zaci shi ke nan. Kwana goma sha tara na yi a gado: allura, ɗibar jini, awon fitsari, abinci ba gishiri. Kuɗin hoton kai sai da dangi suka haɗa.

Ganina ya dawo, Alhamdulillahi. Amma da na koma Islamiyya, aka bar mini tabarma guda ni kaɗai, aka ware mini kofi.

Kwana biyu ina komawa gida da kuka. Rana ta uku na ɗaga hannu. Na tsaya gaban aji, na maimaita duk abin da likita ta koya mini. Ban yi tuntuɓen harshe ba ko sau ɗaya.

Ƙawata Hafsa ta ce, "Ashe gudun banza muka yi." Ta jawo jakarta ta zauna kusa da ni, saura suka biyo ta.

Allah ya saka wa iyayena da likitoci da alheri, da duk wanda ya yi mini addu'a.

In yaro ya kumbura, a auna jininsa da fitsarinsa. In ya faɗi yana jijjiga, kada ku gudu, kada ku sa masa cokali a baki. Ku kwantar da shi ta gefe, ku nufi asibiti.

Addu'ar, a yi ta a hanya.