Jaririn Kalmalo da ba ya kuka

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da ƙanwata, za mu Kalmalo barka. 'Yar yayanmu ce ta haihu, haihuwar fari, suna kuma ya wuce ina kwance da zazzaɓi. Direba ya cusa mu huɗu a baya, ga kwandon tumatir a kan ƙafata, wai "Hajiya, yanzun nan za mu kai." Yanzun nan ɗin sai da muka wuce Kware, muka tsaya Gwadabawa ya sha koko da ƙosai hankalinsa kwance.

Illela mun same ta cike. Shanu, raƙuma, buhunan albasa jibge har bakin titi, ga mutanen Ƙonni suna ciniki rabi da naira rabi da sefa. Albasar da araha, har ƙanwata ta fara lissafin zama 'yar kasuwa. Muka sayi sabulu da atamfa, muka hau babur zuwa Kalmalo, iskar tafki tana kaɗa mu.

An tarbe mu da fura mai sanyi da soyayyen kifi. Aka miƙo min jariri, sunansa Aminu, mata suna ta yabo: "Shina da hanƙuri, Gwaggo! Ba shi kuka, sai kwana." Na karɓe shi. Jikinsa sanyi, fata a bushe, harshe a waje, cibiya ta turo. Raina bai kwanta ba, amma wa zai ɓata wa gidan barka daɗinsu?

Maijego kuwa ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Kunyar ɗan fari ce: ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna damuwa da shi. Sai da na bi ta bayan ɗaki inda ake dafa ruwan wanka, ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, wancan na ɗaki ba shi kama nono. Bayan gida ma sai an kwana biyu." Ashe ta daɗe da gani, kunya ta rufe mata baki. Na ce ɗauko mayafinki, da ku za mu koma.

Kakar jaririn ta so ta hana, wai ba a yi arba'in ba. Na ce in don wankan jego ne, a Sakkwato ma akwai itace.

A asibiti aka ɗebi jininsa. Likita ta zaunar da mu ta yi bayani. Akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Tun ciki yana ƙarami take fara tsirowa a gindin harshe, sannan ta gangaro a hankali zuwa mazauninta. Ta wannan yaron ba ta ƙarasa saukowa ba, don haka sinadarin da take bayarwa, wanda jiki da ƙwaƙwalwa ke girma da shi, ya yi kaɗan. Da an ƙara jinkiri, ta ce, ƙwaƙwalwar ce za ta taɓu. Maganin 'yar ƙwaya ce, a daka a haɗa da ruwan nono kowace safiya, a riƙa dawowa awo. Na yi hamdala.

Da suka ɗan kwana biyu na raka su Kalmalo, na dawo gida da kifi busasshe da ciwon baya. Abin da na koyo: in na je barka, zan bar masu yabo a tsakar gida, in nemi maijego ita kaɗai in tambaye ta.

Jiya na kira 'yar yayan namu. Ban ji rabin maganarta ba, wani ihu ya cika wayar. Na ce wa ke tsala kuka haka? Ta yi dariya, ta ce, "Aminu ne, Gwaggo."