Mutum Shida a Adireshina

Ina tsakar gida ina tankaɗen acca wata mata ta yi sallama, da jakar takardu a kafaɗa. Ni kuwa ba na shiri da masu jakar takardu, don tun da na zauna a Gada Biyu ba su taɓa kawo mini labari mai daɗi ba. Na dai ba ta kujera. Ta ce daga ofishin da ke tattara bayanan masu ciwon daji take, kuma gidana take nema.

"Mama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa," in ji ta. "A takardunmu, mutum shida ne ciwon daji ya kashe daga gidan nan cikin shekara goma. Shi ya sa na ce bari in zo in ga gidan da idona. Ina so in duba rijiyarku, in kuma ji da me kuke girki."

Na ajiye rariya. Na ce, "'Yata, kin yi ɓatan hanya. Mutum ɗaya ya mutu a gidan nan, mijina, shi ma hawan jini ne. Shida kuma daga ina? Gida ne ko maƙabarta?"

Ba ta yi musu da ni ba. Ta buɗe takarda ta fara karanta sunaye. Na farko Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Na biyu Goggona. Kafin ta kai na huɗu na nemi turmi na zauna. Duk na san su. Duk sun kwana a ɗakin da ke bayanta, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa zama ɗan Jos.

Ƙauyenmu yana can gaba da Kuru, a wata ƙaramar hukumar daban, inda ake noman dankali da acca. Aure ya kawo ni gari shekara talatin da wani abu da suka wuce. Tun daga lokacin gidana ya zama masaukin duk wanda ciwo ya fi ƙarfin ɗan asibitin ƙauye. A sauke shi a tasha, ya hau keke mai ƙafa uku ya zo wurina, washegari in raka shi babban asibiti. A tagar yankan kati sai a tambaya, "Ina yake zaune?" Ni nake amsawa, don yawancinsu Turanci bai zauna musu ba, ga ciwo. Sai in ce Gada Biyu, in faɗi lambar gida. To me zan ce? Mutum ya kwana ɗakina, ya ci tuwona, sai in tsaya gabansa in ce shi ba ɗan gidana ba ne? A wurinmu wannan abin kunya ne. Ƙauyen kuma ba shi da suna na titi, ba shi da lamba. In asibiti na nemansa, a wurina za a same shi.

Na yi wa matar wannan bayani. Sai ta ciro wayarta ta nuna mini taswirar jiha, an raba ta ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Wasu an shafa musu launi mai duhu, wasu haske-haske. Ta ce duhun yana nufin inda aka fi rubuta mutuwa daga ciwon daji. Tamu ta cikin gari ta yi duhu sosai, kuma ta ce kowace shekara abin hawa yake yi. Na ce ta nuna mini ta ƙauyenmu. Ta ɗora yatsa a kan wani wuri kusan fari fat. Ta ce can abin a kwance yake, ba ya hawa ba ya sauka.

"Wato mu lafiyarmu ƙalau kenan," na ce.

"A takarda dai haka ne, Mama. Kuma da wannan takardar ake tsara inda masu gwajin mata kyauta za su je. Inda ya yi duhu ake fara zuwa. Can wurinku ba na jin za a je nan kusa."

Nan ne hankalina ya tashi da gaske, kuma ba don matattu ba. Ina da ƙanwa guda a ƙauye, uwa ɗaya uba ɗaya, ita kaɗai ta rage mini. Lokacin Kirsimeti da na je gida, muna canja kaya a ɗakinta ta kama hannuna ta kai shi ƙarƙashin nononta na hagu. Na ji wani ƙullutu mai tauri, girman dankalin iri. Ta ce ba ya ciwo, kada in gaya wa kowa. Na ce ta haɗa kaya mu tafi Jos da safe. Sai ta kalle ni ta ce, "Yaya, wa ya taɓa zuwa gidanki da ciwo ya dawo da ƙafarsa?"

Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, har yau in na tuna sai na ji ta a ƙirji. Na yi mata faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, ta yi kunnen uwar shegu da ni. Na gaya mata waɗancan sai da suka gama zagaya masu maganin gargajiya da wuraren addu'a, sai da ciwo ya cinye su, sannan aka ɗauko su. Ta ce ta ji. Ba ta zo ba. Taurin kanta na mahaifinmu ne, nawa ma haka.

Saboda haka na ce wa matar ofis, "In ba za ta zo wurin gwaji ba, gwaji zai je wurinta. Ki goge adireshin nan ki rubuta na gaskiya."

Ta ce ba ta da ikon canja takarda da maganar baki. Sai na kawo shaida a rubuce cewa kowane ɗayansu a ƙauye yake zaune. Na ce wace shaida, mutanen da ba su da takardar wuta ba su da ta ruwa? Ta ce in dai yi tunani. Ta bar mini lambarta ta tafi, rijiyar ma ba ta leƙa ba.

Ranar Lahadi a coci ina buɗe Littafi Mai Tsarki wata takarda ta faɗo, tsarin jana'izar wata maƙwabciya. Mu dai kun san mu, ko ba a ci abinci ba sai an buga wannan takarda, da hoton mamaci a gaba da tarihinsa a ciki: inda aka haife shi, inda ya yi noma, cocin da ya yi sujada har ƙarshen ransa. Kuma ba a zubar da ita. Na kira matar ofis tun kafin in kai gida. Ta ce in aka haɗa da wasiƙar dagaci, za ta iya kai wa ogansu.

Na rufe rumfata ta kasuwa na hau mota zuwa ƙauye. Na ɗauka aikin kwana ɗaya ne. Ina, sai da na yi mako. Kowane gida sai an gaisa, an sha kunu, an tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan in faɗi abin da ya kawo ni, sannan fuska ta canja. A takardun nan duka an rubuta "bayan gajeriyar rashin lafiya". Ba wanda ke son a kira ciwon da sunansa. Duk da haka na samu biyar, wata daga ƙasan akwati, wata a bayan hoton bango.

Ta shida tana hannun matar Kawu, ita kuwa ta ce atafau ba za ta bayar ba.

"Kawunki ciwon ciki ya yi," ta ce. "Ina da 'yan mata biyu a gida. Kina so a ce gidanmu gidan ciwon daji ne, masu neman aure su riƙa ratse hanya?"

Ban iya riƙe bakina ba. Na ce, "Ni na riƙe masa roba yana aman jini, Inna, ba labari aka ba ni ba. Ki ci gaba da ɓoyewa har ya shigo ɗakin 'yan matan." Ta tashi ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Na san na yi rashin kunya, babba ce, kuma mijinta ne ya mutu.

Washegari na koma da sassafe. Na same ta tana sussukar acca, na ɗauki taɓarya na sa mata hannu. Da muka gaji na durƙusa na ba ta haƙuri. Sannan na ce, "Inna, ba don Kawu nake yi ba, shi ya huta. Akwai wata mai rai a gidanmu. Na yi alkawarin ba zan faɗi sunanta ba."

Ta daɗe tana kallona. Mu biyu kaɗai muka rage a gidanmu, ni kuma ga ni a gabanta da ƙarfina, don haka ba sai na ƙara komai ba. Ta shiga ɗaki ta fito da takardar, ta goge hoton Kawu da bakin zanenta ta miƙo mini. Ta ce, "Ai ba shida ba ne." Ta fara lissafo mini waɗanda ko Jos ɗin ba su kai ba: matar mai injin niƙa, tsohon malamin firamare, wata yarinya da ta bar goyo. Duk a ɗakunansu suka mutu, babu kati, babu likitan da ya gan su.

Na kai wa matar ofis takardun da wasiƙar dagaci, na kuma faɗa mata maganar Inna. Ta ce waɗanda likita bai gani ba ba za su hau taswira ba, amma za ta rubuta a rahotonta. Ta ce ba ƙauyenmu kaɗai ba ne. Tana zargin farin da ake gani a wurare da yawa ba lafiya ba ce, rashin rubutu ne.

Daga nan sai jira. Na yi sintiri a ofishin nan har mai gadi ya daina tambayata wa nake nema. Yau oga ya tafi taro, gobe fayil yana wani tebur. Wata rana na zauna a bencin ƙofarsa tun safe har aka tashi, da ya fito na miƙe na ce, "Oga, ni ce mai gidan da ya kashe mutum shida. Gobe ma zan dawo." Ya yi dariya, ni ban yi ba. Duk wannan lokaci ina kiran ƙanwata a waya, in ce yaya abin, ta ce yana nan. Ba ta taɓa cewa ya ƙaru ba, ni kuma na san ta.

Damina ta yi nisa sannan matar ta kira ni. Ta nuna mini sabuwar taswira. Gaskiya na ji haushi, don na ɗauka wurinmu zai yi baƙi ƙirin, ashe ɗan shafi kawai ya samu. Ta ce mutum shida ba sa juya taswira, amma duk daga ƙauye ɗaya suke, kuma da wannan ta tsaya a gaban ogansu. An ba mu masu gwajin na kwana ɗaya, ranar kasuwa.

A ajin firamare aka yi, an rataye zannuwa a tagogi. Fasto ya yi sanarwa, matan zumunta sun zo, amma duk suka tsaya cirko-cirko a gindin mangwaro, kowa na jiran wata ta fara. Ƙanwata tana can nesa da kwano a ka, wai ita kasuwa ta zo. Nas ta fito ta ce wa za ta fara. Sai a lokacin na tuna ni mai wannan hayaniya duka ban taɓa bari an duba ni ba. Na cire ɗankwali na shiga.

Da na fito na wuce kai tsaye wurin ƙanwata, na sauke kwanon daga kanta. Na ce, "Wata biyar na yi ina jawo mutanen nan. Ba Jos ba ne, ajin da kika yi firamare ne. Shiga." Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga Inna matar Kawu ta zo ta wuce mu da 'yan matanta biyu, ta hau layi. Ƙanwata ta bi bayansu.

Ta daɗe a ciki fiye da kowa. Nas ta leƙo ta kira ni, ta ce abin ya girma, amma ba ta ganin an makara, sai dai a babban asibiti ne za a tabbatar. Ta rubuta takarda ta ce cikin makon nan, ba wani wata ba.

A waje ƙanwata ta ce, "Yaya, dankalina ya nuna. In na bar shi a ƙasa ruwa zai ruɓar da shi. Bari in cire tukuna."

Na san wannan maganar. Goggo ma girbi ta jira. Na ce, "Kawo fartanya."

Shekara talatin rabona da gona. Kwana uku na yi a duƙe, bayana kamar zai tsage, tafin hannuna duk ya yi bororo ya fashe. A rana ta biyu Inna ta turo 'yan matanta, a ta uku matan zumunta suka zo da kwanduna. Ƙanwata kuwa na hana ta taɓa komai, ta zauna a kan kunya tana yi mini tsiya wai ina sare mata dankali biyu-biyu. Muka ɗura shi a buhuna, muka jera a ɗakinta, ta ƙirga da kanta ta kulle ƙofa.

Ranar Litinin da safe muka shiga mota a bakin hanya. Ta zauna kusa da taga, takardar nas a cikin jakarta. Direba yana jiran mutum ɗaya ya cika. Ta kama hannuna, daidai inda ya fashe, ta matse.

"Yaya, ina jin tsoro."

Na ce, "Ni ma haka." Sannan na ɗaga murya na ce wa direba ya tayar da mota, kujerar da ta rage ni zan biya kuɗinta.