Ranar da Sakamakon Yaya Ya Riga Ni

A ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti a Garwa na fara aiki. Na'urar auna jini ɗaya gare mu, da kwamfuta ɗaya, sai wata igiya mai ruwan toka, wato kabul, da ta haɗa su. Ta cikinta sakamako ke bi daga na'ura zuwa allon kwamfuta, kuma tafiyar hawainiya yake yi. Layi ɗaya ya fito, ka jira, ka sha ruwa, sannan wani ya biyo. Ni kuwa tun ina yarinya ba a san ni da haƙuri ba. Babu baƙar maganar da ban gaya wa igiyar nan ba, balle da bazara, in mutane sun cika baranda suna fifita da katin asibiti.

Abokin aikina wani dattijon Bafulatani ne, kowa Baba yake ce masa. Shi jinkirin bai dame shi ba, amfani ma yake yi da shi. Da layukan farko sun fito ya ga inda abin ya dosa, sai ya bar ni da allon ya fita baranda. Ya zauna kusa da mai jinin, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya ce ai jiki da jini sai a hankali. Kafin a kai wa likita takarda, mutum ya sha jinin jikinsa, zuciyarsa ta ɗan zauna. Haka muka tashi muka ga ana yi a gidajenmu, ba a sauke wa mutum mugun labari gaba ɗaya. Ko rasuwa aka yi, cewa ake jiki ya yi tsanani, ka zo.

"Munyal, 'yata," haka yake ce min, wato haƙuri. "Kabul ɗin nan ya fi ki sanin mutane."

"Tsufa ne kawai, Baba, irin naka," in ce masa, ya yi ta dariya.

Wata shekara aka kawo sabuwar igiya da wani ɗan akwati, injiniya ya zo daga Yawunde ya haɗa. Kafin ka ƙifta ido sakamako ya cika allo, lambobi masu kyau baƙaƙe, marasa kyau jajaye. Na yi murna, kuma har yau ba na ganin laifin murnata. Masu zuwa daga nesa, irin mutanen Ngong, suka riƙa komawa gida a ranar da suka zo. Yaron da jininsa ya ƙone ana ƙara masa tun da sauran ƙarfinsa. A gida ma na ishi kowa da labarin baƙi da ja, har a kan tuwo.

Cikin masu saurarona akwai Yaya. Shi ya riƙe ni bayan ciwon hanta ya ɗauke mahaifinmu da muke kira Baffa, shi ya tsaya na yi karatu, yana safarar atamfa tsakanin Garwa da Mayo-Ulo. A shekarar nan ya fara ramewa, idonsa ya yi ɗorawa. Ya ce shawara ce, ya yi ta shan jiƙo. Ni na san wannan idon, na gan shi a fuskar mahaifinmu. Da ƙyar na ciwo kansa ya zo gwaji. Na riga na shirya komai a raina: in abin ya zo da muni, ba zai ji daga allo ba, ba zai ji a rana ɗaya ba. Ni da Baba za mu bi shi sannu, yau kaɗan gobe kaɗan. Abin da zan iya yi masa ke nan.

Na ɗebi jininsa na ce ya jira a baranda. Da lokacin ya yi sai ga shi ya leƙo.

"Auta, bari in ga odinatar nan da kika hana mu cin tuwo saboda ita."

Kwamfutar yake nufi. Na bar shi ya tsaya a bayana. A raina cewa na yi, da na ga layin farko sai in aike shi ya sayo min ruwan sanyi. Shekarun da na yi da tsohuwar igiya ne suka yi min wannan tunanin, na manta babu sauran layin farko. Na danna, allon ya cika a take, wajen hanta duk ja.

Baba ya miƙe zai yi magana, ya rasa ta inda zai fara, ya koma ya zauna. Ni ko juyowa na kasa.

"Ja ne ko, Auta?" Yaya ya ce a hankali. "Irin na Baffa?"

Na ce sai likita ya duba. Ya dafa kafaɗata.

"Haba, ke fa kika koya min. Kar ki yi kuka a gaban mutane, kina bakin aiki."

Shi ya lallashe ni. Wannan ne yake ci min rai har yau. Na tanadi kalmomi masu taushi, ban samu faɗin ko ɗaya ba.

Bai kai ƙarshen damina ba. Ranar ina wurin aiki da hantsi maƙwabcinmu ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa, ya ce jikin Yaya ya yi tsanani, in zo gida. Na san ma'anar maganar, wa zai gaya min? Amma ban tambaye shi ba. Na ƙi hawa babur, na taka da ƙafa ta bakin kasuwa, ina amsa gaisuwar mutane. Duk tsawon hanyar nan ina da Yaya, sai da na shawo kwanar gidanmu na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofa.