Ƙafar Bayan Motar Ɗan Ƙanena

A lokacin da na bar Sabon Birni ina saurayi, abin da direba ke tsoro a hanyar Isa shi ne laka da ruwan gulbi idan damina ta yi nisa. Da na dawo da furfura, na tarar tsoron ya koma na mutanen daji, kowane direba kuma burinsa motar da za ta fi babur gudu. Ni bakanike ne. Na yi aiki a Maraɗi da Kwatano da Abijan, na ɗan taɓa Libiya, ina jin Faransanci da Larabci da Yarbanci. A Abijan na zauna ƙarƙashin wani maigareji mai gyara wa 'ya'yan masu kuɗi motocin tsere, can na koyi saita ƙafar baya: a sauke mota ƙasa kaɗan, a ƙara wa shokazoba tauri, a karkatar da kan tayoyi ciki don su kama kwana. Na dawo gida ina ganin babu wanda ya san mota kamata a duk Gobir.

Ɗan ƙanena direba ne, mai iyali, yana jigila tsakanin Sabon Birni da Isa da kasuwar Bafarawa. Ya sayo wata mota 'yar Kwatano mai ƙarfin inji, tare da sababbin ƙarafunan ƙafar baya irin masu zare, waɗanda ake tsawaitawa ko a rage da sifana. Ya kawo mini su a buhu, ya durƙusa, ya ce Baffa ai ba za ni kai wa kowa ba alhali ga ka. Na ji daɗi ƙwarai. Ba mu da injin auna saiti, sai na ja zare daga tayar gaba zuwa ta baya, na saita ta yadda muke yi a Abijan. Na gwada ta ni kaɗai a kan kwalta, ta bi kwana kamar an zana. Masu kallo suka yi ta tsokanata wai tsoho ya tuna ƙuruciya.

Abin da ban tsaya na tuna ba, motar Abijan mutum ɗaya take ɗauka a titi mai santsi. Tamu ranar kasuwa buhunan gero ake cusa wa but har a ɗaure murfin da igiya, a jera mutane a baya, a bi burji mai ramuka. Da nauyi ya danne ta, karkatar da na ba tayoyin sai ta ƙaru, gefen taya na ciki kawai ke taka ƙasa, taurin kuma ya sa bayan motar yana tsalle maimakon ya lafe. Yaron ya ji haka tun makon farko. Daga baya matarsa ta gaya mini ya ce mata motar tana kaɗa gindi kamar akuya, ta ce to ya faɗa wa Baffa mana, ya ce ina shi ina buɗe baki ya ce aikin yayan ubansa bai yi ba. Ni ma duk tambayar da na yi masa ita ce ko mota ta yi daɗi, ina murmushi, ya sunkuyar da kai ya ce sai godiya. A Abijan, ɗan da bai kai jikana ba yakan dawo da mota ya ce aikina banza ne, in sake. A gida na manta cewa kunya ba za ta bar kowa ya gaya mini haka ba.

Wata ranar kasuwar Bafarawa, suna dawowa da la'asar da kaya cike, ɗan ƙanena ya hango babura sun fito daga daji a bayansa. Ya taka mota. A wata kwana mai tsakuwa bayan motar ya kwashe, suka wuntsila cikin gona. Wata dattijuwa mai sayar da daddawa da ke cikin motar ta rasu nan take. Shi kuma bayansa ya karye. Masu baburan da suka tsaya suka ciro su ashe manoma ne 'yan Tozai.

Da aka jawo motar na duba, tayoyin baya sun cinye ta ciki har waya ta fito, wajen kuwa sabo fil. Na je asibiti na gaya masa gaskiya a gaban ubansa. Ya ce Baffa ka bari, Allah ne ya ƙaddara. Ubansa ya tashi ya fita.

Na yarda da ƙaddara, amma hannuna ne ya juya sifanar. Duk wanda zai taɓa saitin ƙafar baya, ya loda wa motar irin kayan da take ɗauka, ya gwada ta a hanyar da take bi, ya riƙa duba cin taya. Dattawa 'yan'uwana kuma, idan kun yi wa na ƙasa da ku aiki, kada ku tambaye shi ko ya yi. Ku shiga motar ku zauna a baya.

Yau ɗan ƙanena a keken guragu yake, ni nake tura shi masallaci ran Juma'a. Ƙanena yana gaishe ni, amma bai sake zama tabarma ɗaya da ni ba. Ni kuma ban sake riƙe sifana ba.