Katuna Sittin na Reenie Pask

Reenie Pask ta yi shekara talatin da ɗaya tana aiki a sinimar unguwarmu ta Poplar da ke gabashin Landan, kuma ban san wanda ya taɓa ganinta a zaune a cikin sinimar ba. Ita ke yaga tikiti a ƙofa, ita ke haska wa wanda ya makara hanya da tocila, ita ke zare gwangwanin giya daga aljihun duk wanda ya ɓoyo shi. Gajeriya ce mai saurin tafiya. Ubanta ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Ta bar makaranta tana da shekara sha biyar, ta yi aikin masana'antar biskit har aka rufe ta, ta yi aure, ta binne mijin, sannan ta samu wannan aikin. Fina-finan da ta gani sun fi dubu, amma duk rabi-rabi, a tsaye, da gefen ido.

Ni Furofesa take kirana, alhali lissafi kawai na koyar a sakandare. Ɗana Callum kuwa tun yana da shekara biyar ta san shi. Yana da sha tara aka soke shi da wuƙa a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa da ke bayan kasuwa, ranar Talata, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, yana dawowa daga aiki. Wani daban ake nema, wani kuma ya nuna shi ya ce shi ne. Iyakar abin da zan faɗa a kan wannan ke nan.

Bayan shekara uku masu shirya fim suka sauka a unguwar. Fim ne na 'yan daban zamanin da, masu kwat da man kai, irin waɗanda tsofaffinmu ke ba da labarinsu rabi da tsoro rabi da alfahari. Kwana biyu suka rufe ƙarƙashin gadar. Suka kwance furannin da muke ɗaurawa a jikin ƙarfe, da suka gama suka mayar da su a wani ƙarfen daban. Daga bakin 'yan kasuwa na ji abin da suka ɗauka a wurin: ana soke wani saurayi.

Na rubuta musu wasiƙa. Suka amsa cikin ladabi cewa ba su sani ba. Suka ce za su nuna wa mutanen unguwa fim ɗin kyauta kafin ya fita, kowa a ba shi kati ya rubuta sunansa da ra'ayinsa, kuma wurin da aka fi cewa a cire, za su cire shi.

Aka yi nunin ranar Asabar da rana. Ban shiga ba. Na tsaya a zaure ina kai da komowa tsakanin ƙofar titi da wurin sayar da gugguru, taku goma sha huɗu zuwa, goma sha huɗu dawowa. Ta bango nake jin dariya, sai harbi, sai wata dariyar. Sau uku Reenie ta fito.

"Furofesa, za ka cinye mana kafet. Ka tafi gida mana."

"An zo wurin gadar?"

"Saura."

A fitowa ta uku teburin katuna ta nufa. Ta gyara tarin fensira a kan tebur, ta sake gyara su, ta koma.

Da aka buɗe ƙofofi jama'a suka fito da hayaniya. Sid Gammage, wanda ya haura tamanin kuma yake rantsuwa ya taɓa aske wa wani babban ɗan daba kai, yana dukan ƙasa da sandarsa.

"Romo mai ruwan ƙasa suka zuba a fim ɗin, ba koren romonmu na gado ba! A kan mitfai da dankali! A gabashin Landan! Wa ya haifi yaran nan?"

"Ai ni a nan na daina kallo," in ji Beryl mai kifi. "Ubangidan 'yan daba guda, a kawo masa faranti babu koren romo, kuma ya ci? Da a gaske ne da ya ƙona shagon."

"Kuma kin ji bakin jarumin? Wannan ko motar haya bai taɓa shiga ta bi ta nan ba."

"Amma fa kyakkyawa ne."

"Ke dai Beryl, ko sandar fitila aka sa wa kwat sai kin ce kyakkyawa ne."

Wasu samari na cewa faɗan gidan giya ya yi, wata mata na cewa jinin ya yi yawa, wani na neman a nuna masa inda aka ga ƙofar gidan kakarsa. Waɗanda suka hango ni suka rage murya. Beryl ta matse mini hannu ta wuce, katinta a ɗaya hannun.

Washegari da hantsi Reenie ta buga mini ƙofa da jakar leda. Sai Litinin za ta miƙa wa masu fim katunan. Ta zube su a teburin kicin ta ce in ƙirga, tunda aikina ne. Na tafasa mata shayi, ta sha a tsaye tana leƙa taga.

Kati ɗari biyu da sha biyu ne. Hamsin da ɗaya sun ce a cire gadar. Tamanin da takwas sun ce a cire romon. Sauran ba su ga abin cirewa ba. Na sake ƙirgawa, haka ya fito.

"Sid ma?" na tambaya.

"Sid ma. Ba mugunta ba ce, Furofesa. Layi ɗaya ne a katin, abin da ya fi ɓata musu rai suka sa."

Sai ta zaro wani ƙunshi daga aljihun rigarta, ɗaure da roba. Katuna sittin da ba a rubuta komai a kansu ba. Shiga kyauta ce, ita kaɗai ta san yawan waɗanda suka zo.

"Kai ne mai ilimi. Ka iya sauya rubutu. Talatin kai, talatin ni, kafin ruwan butar nan ya huce mun gama."

Na ce ba zan iya ba.

"Hannunka ne ke ciwo?"

Na ce mata kowane kati yana buƙatar suna, kuma ba zan sa wa mutum magana a baki ba, ko da mutumin babu shi. Na ce Callum ya mutu ne saboda wani ya faɗi abin da ba haka ba.

"Kada ka kawo mini wannan. Ni na ga abin jiya, kai ba ka gani ba. Minti biyu ne da rabi. Yaron har jakar baya gare shi, kamar Callum." Ta ajiye kofin da ƙarfi. "Za a nuna shi sau huɗu a rana, taku ɗari uku daga inda abin ya faru, ni kuma ina tsaye ina haska wa mutane kujera. Kai kana nan kana tsabtace hannunka."

Ta tattara katunan ta fita, ba ta rufe ƙofa ba.

Ita kaɗai ta cika su. Daga baya ta gaya mini yadda ta yi: wasu da hannun hagu, wasu a kan gwiwa, wasu a cikin bas don rubutun ya karkace. Sunayen ta samo su daga 'yan ajinsu na firamare da matan masana'antar biskit, rabinsu sun daɗe a kabari. Abu ɗaya ne ba ta sani ba. Tun tana yarinya take barin harafi ɗaya idan ta rubuta kalmar gada, kuma ta bar shi sau sittin.

Da wannan aka gano ta, ranar Alhamis manajan sinima ya kira ta ofis. Ba ta musa ba. Ta ajiye masa tocila da makullai, ta ce masa batirin ya kusa ƙarewa. Masu fim suka zubar da katuna sittin ɗin, suka cika alkawarinsu daidai yadda suka faɗa: aka cire wurin cin abincin, gadar ta zauna. Fim ɗin ya yi mako biyar a unguwa. Na riƙa zagayawa ta titin asibiti idan zan je kasuwa, don kada in wuce hoton tallarsa.

Wata biyu Reenie ba ta yi mini magana ba. Nakan hango ta tana saurin nan nata a titi, ba jaka, ba inda za ta. A shekara sittin da uku ba kowa ke ɗaukar mutum aiki ba, balle wanda aka kora.

Ran nan da safe ta sake buga ƙofa. Wani gidan kula da tsofaffi yana neman mai raba abinci, kuma suna son shaidar mutumin da ya daɗe da saninta. Ta miƙo mini takardar ba tare da ta shigo ba.

"Ba don ina sonka ba. Kai kaɗai na sani mai digiri."

Na ɗora takardar a jikin ƙofa ina cikawa. Shekara nawa na santa: ashirin da biyu. Tana zuwa aiki a kan lokaci: ƙwarai. Tambaya ta biyar ta ce, ka taɓa saninta da wani rashin gaskiya a wurin aiki? Akwai akwati biyu ƙanana, da layi uku na bayani.

Na tsaya. Tana kallon bakin alƙalamin, tana sauya ƙafa. Bas ya wuce, wani ya biyo shi.

"Da kai ka rubuta katunan nan da ba a kama mu ba," in ji ta.

"Haka ne."

"To ka yi sauri, sha ɗaya suke rufe karɓa."

Na sa alama a akwatin A'a, na rubuta cikakken sunana, na sa hannu da kwanan wata. Ta karɓa, ta kai takardar kusa da idonta ta duba.

"Ashe hannun yana aiki," ta ce, ta ninke ta biyu, ta gangara matakala ta nufi tashar bas.